Ranar da Inna Mai Wankau Ta Auna Gumi

Shekara ashirin da uku Inna Mai Wankau tana wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka filin ba. In ka tambaye ta dalili, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce ita ba ta da lokacin zuwa kallon ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya, alhali kowace Asabar da yamma ana kawo mata labarin wasan har gida a cikin buhu.

Mijinta ne ya jawo mata wannan aikin. Shi ne golan ƙungiyar a zamaninsa, sauran kwanaki kuma direban motar kaya, mutum mai saurin alkawari da bakin wani. Wata rana ya shigo da buhu a kafaɗa ya ce wannan makon kawai, kafin a sami mai wanki. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah ya ji ƙansa, buhun kuwa bai fasa zuwa ba ko mako ɗaya. Da shi da wankin maƙwabta ta reni 'ya'yanta biyu maza. Sabulu ya cinye mata fatar hannu, sunkuyo ya tafi da bayanta, amma bakinta yana nan garau, kowa a layin shaida ne.

Baho uku gare ta a gindin famfo. Na farko na rigunan da sai an jiƙa sun kwana, na biyu na masu matsakaicin datti. Na ukun shi take kira bahon 'yan kallo, wato na waɗanda suka wuni a benci, a ɗauraye kawai a shanya. In ta zazzage buhu ba ta tambayar kowa yadda wasa ya kasance. Ta ɗaga rigar gola ta duba gwiwar hannu da kwankwaso, ta san sau nawa ya tashi sama a banza. Ta ga wuyan riga ya saki, ta san an shaƙo mai ita daga baya. Gefen wando ya yi kore, ta san ɗan baya ya yi aikinsa. Akwai kuma farin layin gishiri da gumi ke bari a gadon baya in ya fara bushewa. Wannan layin ne ba ta yarda da maganar kowa a kansa ba.

'Ya'yan nata duka biyu a ƙungiyar suke. Babba, bakanike ne a garejin bakin titi, shekara talatin da ɗaya, lamba shida. A fili Tarakta ake ce masa. Shekara goma sha ɗaya yana bugawa, ƙwallo ɗaya tak ya taɓa ci, ita ma wani ne ya yi niyyar fitar da ita ta daki ɗuwawunsa ta shiga raga. Har yau in aka tayar da zancen sai ya ce da gangan ya juya.

Auta kuwa shekararsa sha tara, lamba tara, bana ya shigo. Wasa goma sha shida, ƙwallo ashirin da ɗaya. Harsashi ake kiransa. Yara sun rubuta sunan da gawayi a katangar makaranta, mai aski ya ƙirƙiro masa aski na kansa, mata na tare Inna a hanyar kasuwa suna cewa ta haifi abin arziki. Ita kuma ba za ta yi ƙarya ba, daɗi take ji har cikin ranta, takan dawo gida tana murmushi ita kaɗai.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama daidai. Bara, da babu Harsashi, ƙungiyar ta uku ta ƙare. Bana da shi, ta goma sha ɗaya take cikin goma sha huɗu. A ci su huɗu da uku, a ci su uku da biyu, a ci su biyar da uku, ukun nan duka nasa, a ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida kamar kofi aka ciyo. A shagon aski an yi musu har an gaji. Wasu su ce da babu yaron nan da tuni an nutse, wasu su ce to me ya sa ba a nutse ba kafin ya zo. Ba a taɓa tashi da amsa ba, sai dai wani ya tashi da rabin aski.

Inna ita tana da amsa, a gindin famfo. Tun makon farko rigar lamba tara bahon 'yan kallo take shiga, tare da ta golan jiran gado da bai taɓa ƙwallo ba tun bara. Ba layin gishiri, ba wuyan da ya saki, sai ma ƙamshin turare. Dattin wandon kawai kore ne a gwiwa biyu, daidai wa daida, na zamiyar murna in ya ci. A ɗaya gefen kuwa rigunan tsakiya sai ƙara nauyi suke. Lamba takwas ta fara yagewa a hammata, lamba huɗu ta koma launin ƙasa. Lamba shida ba a magana, in ta ɗaga ta sai ta ɗiga. Auta ba ya dawowa baya ya taya kowa, abin da buhu ya faɗa mata ke nan, wasu ne ke cike ramin da ya bari. Ta riƙe abin a cikinta wata huɗu, don dai ba a kai ƙarar ɗa wajen 'yan unguwa.

Wata Asabar, bayan an ci su huɗu da biyu, Koci da kansa ya kawo buhun. Malamin firamare ne, mutumin kirki, irin wanda ko ɗalibi zai kora daga aji sai ya ba shi haƙuri. Ya ajiye buhun ya tsaya yana murza hula.

"Inna, gara ki ji daga bakina. Gobe da safe kwamiti zai zauna a kantin Shugaba. Maganar Babba ce."

"Me ya yi?"

"Sun ce ta tsakiya ake shigo mana. Wai ƙafarsa ta yi nauyi, a sa sabon jini."

"Kai me ka ce?"

"Ni dai na ce a duba."

"A duba," in ji Inna. "Sannu da ƙoƙari, Malam."

Bayan ya tafi ta tsaya kan buhun ranta a ɓace. Ta san abin da rigar nan take a wurin Babba. Ba kuɗi ake ba shi ba. Mako guda yana kwance ƙarƙashin motocin mutane ana kiransa kai bakanike, ranar Asabar ce kaɗai mutum ɗari uku suke kiran sunansa. Ga shi za a raba shi da ita a kan laifin da ba nasa ba.

Ranar ba ta tara ruwa a baho ba. Ta kwaso ledoji, ta sa kowace riga a tata ta ɗaure bakin tam, kada gumi ya tsere kafin safiya. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta tambaya ko sayar da su za ta yi. Inna ta ce shaidu ne, gobe za su kotu.

Shugaban ƙungiyar mai kantin kayan gini ne, ƙato mai tumbi, ya zama shugaba ne saboda shi ya ba da fentin da aka shafa wa turakun raga. Kwamitin mutum biyar ne, suna zaune kan gwangwanayen fenti da buhunan siminti: shi, da Koci, da mai aski, da wasu dattawa biyu da aikinsu gyaɗa kai. Ba su kai ga buɗe taro ba sai ga Inna da buhu a ka. Ta yi sallama, ta sauke shi a kan teburin kantin, ta jawo sikelin da ake auna ƙusa, irin mai faranti biyun nan.

"Inna, lafiya?" in ji Shugaba. "Da kin aiko ai da an zo."

"Lafiya lau. Aron sikeli na zo. Ku ci gaba da taronku, ni ba na jin ƙwallo."

Ba wanda ya ci gaba da komai. Ta kwance leda ta farko. Wari ya tashi, mai aski ya ja gwangwaninsa baya, dattijo ɗaya ya tuna yana da tari.

"Wannan lamba shida ce, ta wanda kuka zauna a kansa." Ta ɗora a faranti ɗaya, farantin ya sauka ƙasa da ƙara. "Wannan lamba tara ce." Ta ɗora a ɗayan, ko motsi sikelin bai yi ba. "Rana ɗaya aka ɗinka su, yadi ɗaya, jiya tare suka shiga fili. Shugaba, miƙo ƙusa 'yar inci uku."

Ya miƙo kwalin, don bai san yadda ake ce mata a'a ba. Ta riƙa jefa ƙusa ɗaya-ɗaya a kan rigar Auta tana sa mai aski ƙirga. Ya ƙirga goma yana dariya, ashirin yana murmushi, daga talatin ya koma ƙirgawa da gaske. Masu wucewa suka fara tsayawa a bakin kanti. Sai da aka kai hamsin da bakwai farantan suka daidaita.

"To," in ji Inna. Ta sauke lamba shida, ta kwashe ƙusoshin, ta kwance wata ledar. "Wannan ta golan benci ce. Jiya aikinsa riƙe wa mutane ruwa." Ta ɗora ta gaban lamba tara. Rigar Auta ta fi nauyi, gaskiya ɗaya ce, amma ƙusa biyu aka sa wa ta golan suka yi kunnen doki.

Bakin kanti aka kwashe da dariya. Inna ta gyara mayafi, ta harɗe hannu. A ganinta ta gama magana, ko jariri aka nuna wa wannan ai ya gane wanda ke aiki da wanda ake yi wa aiki.

Shugaba ya daɗe yana kallon sikelin. Ya ɗauki lamba shida da yatsa biyu ya juya ta, ya duba ƙasar da ke baya, da ta gefe, da ta ƙirji. Ya girgiza kai cikin tausayi.

"Inna, Allah ya saka miki. Wallahi kin sauke mana nauyi. Tun jiya nake ta kai-kawo, ina cewa ko zaluntar bawan Allah nan za mu yi. Ashe abin ya kai haka. Mutumin da ke zubar da ruwa ƙusa hamsin da bakwai a wasa ɗaya, ai injinsa ya buga. Dubi ƙasa har baya. Rabin wasan a kwance ya yi shi."

"Ka duba ta Harsashi kuma," in ji mai aski, ya ɗaga ta sama kamar zai sayar. "Fes. Minti casa'in ba wanda ya iya taɓa shi. Ƙwallo biyu da gumin ƙusa biyu, kowace ƙusa ƙwallo ɗaya. Da Tarakta haka yake da mun ci hamsin da bakwai."

Dattawan biyu suka gyaɗa kai tare.

"Ba haka nake nufi ba," in ji Inna. "Ku saurara. Wannan ɗin yana gumi ne saboda wancan ba ya..."

Ta tsaya. Ta ga idanun bakin kanti duk a kanta, ta ji abin da za ta ƙarasa a kan ɗan da ta haifa, a bainar jama'a. Ta juya wajen Koci, shi da ya san gaskiya sarai. Koci na can yana karanta rubutun jikin gwangwanin fenti kamar gobe zai yi jarrabawa a kai.

"Mun gane, Inna," in ji Shugaba a hankali. "Uwa ce ke, kina tsoron kada ya faɗi a fili wata rana. Mu ma ba za mu so ba. Za mu hutar da shi cikin mutunci."

Hannu huɗu suka tashi. Na Koci ya tashi rabi, ya sosa kunne da shi, aka ƙirga biyar.

Ta kwashe shaidunta ta mayar buhu. Tunda take ba ta taɓa jin kunya da haushi sun haɗu mata wuri ɗaya irin na ranar ba, kuma ba ta da wanda za ta zaga sai kanta. Shugaba har da cewa a bi ta da buhun, ta ce da kanta ta kawo, da kanta za ta mayar.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Su 'yan shagon aski ba ruwansu da hukuncin kwamiti, abin dariyar suka ɗauka. Auta ya fito zai je motsa jiki, wani ya ɗaga masa hannu daga kan babur ya ce sannu Ƙusa Biyu. Kafin ya kai bakin titi mutum uku sun maimaita. Ya juyo gida, ya tarar da ita a gindin famfo tana dirzar lamba huɗu kamar ita ta yi mata laifi.

"Inna, ƙwallo ashirin da uku na ci bana. Ko ɗaya ba ki zo kin gani ba. Amma rigata kin kai ta kanti an auna."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Babba sai la'asar ya shigo, da baƙin mai har gwiwar hannu, don shi Lahadi ma aiki yake. Ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna kusa da baho. Ta ƙi ɗagowa.

"An ce hamsin da bakwai na yi," in ji shi. "'Yar inci nawa?"

"Uku."

"To ba laifi. Na ɗauka 'yar inci ɗaya ce, da na ji kunya."

"Kada ka yi min wasa. Ni na je in cece ka, na ƙarasa ka da hannuna." Ta matse rigar da ke hannunta. "Amma gaskiyata ce. Ƙaninka ba ya dawowa baya. Kai ne kake..."

"Ni na hana shi, Inna."

Ta saki rigar cikin ruwa.

"Tun ranar da ya fara na ja shi gefe. Na ce in na ga ƙafarka ta tsallako layin tsakiya sai na ɓata maka. Ka tsaya can, ka ajiye numfashinka, in ta zo ka sa ta a raga. Masu zuwa daga manyan ƙungiyoyi neman 'yan wasa ba sa zama har ƙarshe, tambaya ɗaya suke yi, nawa ya ci. Sau biyu ya dawo taya ni, sau biyu na kore shi da zagi."

"To ƙungiyar fa? Na goma sha ɗaya kuke."

"Na sani. Da babu shi da muna na huɗu ko na biyar, muna cin ɗaya muna tsare gida. Koci ma ya sani." Ya kankare baƙin mai daga farcensa. "Ƙungiya tana nan baɗi. Ni na yi shekara goma sha ɗaya ina dawowa baya, ga ni a gareji. Na ce shi dai kada ya bi sawuna."

"Da ka faɗa min."

"Da kin hana."

Ta buɗe baki za ta musa, ta rufe, don da ta hana ɗin. Wata huɗu tana jin haushin ƙaramin a ɓoye tana tausayin babban, ashe su biyun sun gama shirinsu a bayanta, ita ce ta zo da sikeli ta rushe.

Ranar Laraba Koci ya sake zuwa, da hularsa a hannu. An sami wanda zai karɓi lamba shida, wani siririn yaro ɗan kwaleji, amma rigar ta yi masa yawa, iska na shiga. Ko Inna za ta taimaka ta rage ta kafin Asabar? Ta dube shi har sai da ya fara ba ta haƙuri a kan abin da ba ta ce ba, sannan ta ce ya tafi, za a yi.

Rigar ba haka aka ɗinko ta ba. Shekara shida da suka wuce, da kafaɗun Babba suka buɗe, ita ta farke gefe biyu ta ƙara ƙyalle mai faɗin yatsa uku. Yanzu ta zauna a inuwar katanga da reza tana warware ɗinkin nata ɗaya bayan ɗaya. Ƙyallayen suka fita, sun fi rigar haske. Ta ɗauki allura, ta lashi zare, ta nufi kafar allurar ta kuskure. Ta sake ta kuskure. Ta ce hasken wurin ne ba shi da kyau.

Babba ya shigo cin abincin rana ya tarar da ita tana fama. Ya goge hannu a wando, ya karɓi allurar, ya zura zaren sau ɗaya ya miƙa mata. Ya tsuguna ya shimfiɗa rigar a kan gwiwarsa, ya kama gefen ya ninka mata daidai inda za ta bi.

"Kada ki matse masa hammata," ya ce. "A nan take fara yagewa. Bai san abin da ke jiransa ba."

"Ba za ka faɗa masa ba?"

"Zan faɗa masa. Gobe zan je filin in nuna masa inda zai riƙa tsayawa."

Ta soka allura. Ya riƙe mata bakin rigar da baƙaƙen yatsunsa har ta kai ƙarshen gefe ɗaya, sannan ya juya mata ɗayan.